Ƙauyen coci a Jamus: labarin Berthelsdorf da ɗansa Herrnhut

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a labarai cewa UNESCO ta sa wani ƙaramin gari na Jamus cikin wuraren tarihi na duniya, wai don ikkilisiya ce ta kafa shi. Na kuma taɓa cin karo da kalmar "ƙauyen coci" a wani rubutu. Shin abu ɗaya ne? Yaya mutanen irin wannan wuri suka rayu a da, kuma me ya rage yau?

Barka kadai, ɗan'uwa. Garin da ka ji labarinsa Herrnhut ne, a jihar Saksoni, can gabashin Jamus inda iyakarta ta kusa haɗuwa da ta Cek da ta Foland. Shi da abin da Jamusawa ke kira ƙauyen coci ba ɗaya ba ne, amma a cikin ƙauyen coci aka haife shi. Uban yana nan har yau, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa, sunansa Berthelsdorf. In ka gane uban, ɗan ba zai ba ka wuya ba, saboda haka da shi zan fara.

Kalmar da ka gani ita ce Kirchdorf. Kirche coci, Dorf ƙauye. Matsayi ne da ake rubutawa a takardun hukuma. A jihar Bavariya, inda aka fi tsantseni wajen rarrabe matsugunai, gida ɗaya ko biyu a tsakiyar gonaki suna da sunansu, tunga mai gida 3 zuwa 9 tana da nata, sai an kai gida 10 ake cewa ƙauye. In ƙauyen yana da cocin da ake sujada a ciki, ya zama ƙauyen coci. In kuma a nan fasto ko limamin Katolika yake zaune da ofishinsa, ya ƙara hawa mataki ɗaya.

A da wannan matsayi ba na wasa ba ne. Mutanen tungayen da ke kewaye nan suke takowa ran Lahadi, nan suke kawo jariri a yi masa baftisma, nan ake ɗaura musu aure, nan kuma ake kawo gawarsu, don maƙabarta a harabar cocin take. Inda ƙafa ta yawaita kuwa ciniki ba ya nisa. Masauki mai sayar da abinci da giya yakan kasance daura da ƙofar coci, sai maƙera, sai makaranta, wadda sau da yawa malaminta shi ne mai kaɗa ogan ran sujada. Ƙararrawa ita ce agogon manomi, ita ce kuma gangar gobara. Littafin fasto shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Katolika sun wajabta rubuta baftisma da aure a babban taron malamansu na Trent a 1563, mabiya Martin Luther, jagoran Furotesta da suka ɓalle daga Katolika, ma a wannan ƙarni suka soma, kuma sai a 1876 gwamnati ta karɓe wannan aiki a duk faɗin Jamus. Shi ya sa Bajamushen da ke neman asalin kakanninsa yau, littattafan coci yake bi ko da shi kansa bai taɓa taka majami'a ba.

Akwai abin da masu zana hoton ƙauyen Turai da furanni a taga ba su cika faɗa ba. Talakan ƙauye ba shi ya zaɓi ɗariƙarsa ba. Tun sulhun Augsburg na 1555 ƙa'idar ita ce, addinin mai ƙasa shi ne addinin talakawansa. Wanda bai yarda ba ya tattara nasa ya nasa ya yi gaba. A ƙauye kuma mai gandu ne yakan zaɓi fasto, yana da wurin zamansa na musamman a cikin coci, sama da kan kowa. A yankin Oberlausitz, inda Berthelsdorf yake, manoma suna ɗaure da gandun ubangidansu: su yi masa noma kwanaki kaza a mako, ba su da ikon ƙaura sai da izininsa. Sai a 1832 aka kwance wannan igiya a ɓangaren Saksoni. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Berthelsdorf tsohon ƙauye ne, sunansa yana cikin takardu tun ƙarni na 14. Doguwar unguwa ce da ta bi gefen rafi, kowane gida da siririyar gonarsa a baya har bakin daji. Manoma ne da masaƙa, mabiya Luther, da cocinsu da fadar mai gandu. Da ba don abin da ya faru a 1722 ba, da babu wanda zai san sunansa bayan maƙwabta.

A wannan shekara wani saurayin basarake mai shekara 22, Nikolaus Ludwig von Zinzendorf, ya sayi gandun daga hannun kakarsa, Henriette Catharina von Gersdorff. An haife shi a Dresden a 1700, ya yi karatu a hannun August Hermann Francke a Halle, cibiyar masu cewa addini ya koma zuciya ya bar gardamar malamai, sannan ya karanta shari'a a Wittenberg. Aikin fada yake yi a Dresden ba da son ransa ba. Sai wani kafinta mai suna Christian David ya zo masa da roƙo: akwai mutane a Moraviya, cikin ƙasar Cek ta yau, ƙarƙashin sarakunan Habsburg mabiya Katolika, da ke ɓoye imaninsu, suna neman inda za su sa haƙarƙari.

Mutanen nan ragowar wata tsohuwar ikkilisiya ce, wadda yau aka fi sani da cocin Moraviya. Tushenta Jan Hus, malamin da aka ƙone a Konstanz a 1415. Wasu daga masu bin tafarkinsa suka kafa Haɗin Kan 'Yan'uwa a Kunvald a 1457, shekara 60 kafin Luther ya ɗaga murya. Bayan yaƙin Farin Dutse na 1620 aka murƙushe su, aka tilasta wa ƙasar komawa Katolika. Shekara ɗari ke nan wasu iyalai suna zuwa cocin hukuma da rana, da dare su fito da ɓoyayyun littattafai.

Zinzendorf ya ce su zo, amma da suka iso ba ya gida. Su goma ne, iyalan wasu 'yan'uwa biyu masu suna Neisser, maƙeran wuƙaƙe. Wakilin gandu, Johann Georg Heitz, bai sauke su cikin ƙauye ba. Ya nuna musu wani fili a bakin hanyar da ta tashi daga Löbau zuwa Zittau, a gindin tudun Hutberg. Dabara ce ta mai lissafi: maƙeri yana buƙatar hanya da matafiya, kuma baƙo in ya yi nesa kaɗan da 'yan gari, an rage faɗa. Ran 17 ga Yuni 1722 Christian David ya sare itacen farko yana karanta Zabura ta 84, inda aka ce tsuntsu ma ya sami gida. Heitz ne ya raɗa wa wurin suna Herrnhut, wato ƙarƙashin tsaron Ubangiji.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Christian David ya yi ta tsallaka iyaka a ɓoye yana kwaso mutane, labari ya bazu, sai kowane mai rigima da cocin garinsu ya kamo hanya. Kafin shekara biyar mazauna sun kai kimanin 300, ga 'yan Moraviya, ga mabiya Luther, ga mabiya Calvin, ga waɗanda ba su yarda da kowa ba sai kansu. Aka shiga zaman 'yan marina. Wasu suka daina zuwa cocin Berthelsdorf, suna kiran fastonsa, Johann Andreas Rothe, annabin ƙarya. Shi kansa Christian David ya fita bayan gari ya gina bukka ya haƙa rijiyarsa, don kada hukuncin da yake jira ya sauko wa Herrnhut ya haɗa da shi.

A nan sarauta ta yi amfaninta. Zinzendorf ya bar Dresden ya dawo, ya bi gida-gida, sannan ran 12 ga Mayu 1727 ya karanta musu dokoki. Kashi biyu ne: umarnin mai ƙasa, wanda ya hau kan kowa, da yarjejeniyar 'yan'uwantaka, wadda mutum ke shiga da kansa. A cikin na farkon ya rubuta cewa Herrnhut 'yantacce ne har abada daga aikin gandu da bautar gado. Ka ga bambancin da maƙwabta: manomin Berthelsdorf yana ɗaure, masaƙin Herrnhut kuwa, a ƙasar ubangida ɗaya, yana da ikon tafiya inda ya so. A ganina wannan sakin mara ne ya sa daga baya ƙauyen ya iya aika mutanensa ko'ina a duniya. Ɗaurarren manomi ba ya iya kai bishara har Girinlan, can ƙurewar arewa.

Wata uku bayan haka, ran Laraba 13 ga Agusta 1727, suka gangara cocin Berthelsdorf cin Jibin Ubangiji, wato ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Almasihu. Waɗanda suka shiga ba sa ga maciji suka fito suna kuka suna neman gafarar juna. Wannan rana ce ikkilisiyar ke ɗauka ranar sake haihuwarta. Ka lura da inda abin ya faru: a tsohon cocin ƙauye, don a lokacin Herrnhut ba shi da nasa, kuma ya shekara fiye da 30 a ƙarƙashin na Berthelsdorf.

Yanzu ga rayuwar da ka tambaya. A ƙauyen coci na gargajiya gida ne tushe: maigida, uwargida, 'ya'ya, barori. A Herrnhut sai aka yanka al'umma ta wata fuska. Aka kasa mutane rukuni-rukuni bisa jinsi da shekaru da matsayin aure: yara maza, yara mata, samari, 'yan mata, ma'aurata, gwagware, zawarawan da mazansu suka rasu. Samari suka sami katon gidansu inda suke kwana, su ci, su koyi sana'a, su yi addu'a tare. 'Yan mata ma haka, matan da aka mutu aka bari ma haka. Kowane rukuni da shugabansa daga cikinsa, mace ke kula da mata. A 1730 aka naɗa Anna Nitschmann dattijuwar mata tana da shekara 14. Ko daga nesa kana iya karanta matsayin mace daga launin ƙyallen da ta ɗaure farar hularta da shi a haɓa: ja na yarinya, ruwan hoda na budurwa, shuɗi na matar aure, fari na wadda mijinta ya rasu.

Dare ma an raba shi. Maza suna karɓa-karɓa wajen gadin gari, mai gadi yana rera baiti a kowace awa. Daga ƙarshen Agusta 1727 maza 24 da mata 24 suka raba awannin yini da dare, kowa da awarsa ta addu'a, don kada a sami lokacin da babu mai roƙo. Sarƙar nan ta wuce shekara 100 ba ta tsinke ba.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne ƙuri'a. In dattawa sun tattauna magana mai nauyi, sai su yi addu'a su zaro takarda ɗaya cikin uku: i, a'a, ko farar takarda, wadda ke nufin a dakata. Da ita ake naɗa shugaba, da ita ake tura mutum ƙasar waje, da ita ake ba baƙo izinin zama, da ita ake haɗa aure. Saurayi ya faɗa wa shugaban rukuninsa yana son aure, dattawa su kawo sunan yarinya, a tambayi ƙuri'a. In ta ce a'a, zance ya mutu. In ta ce i, sai a je wa yarinyar, kuma tana da ikon ƙi. Har a 1741, a wani taro a Landan, suka yanke cewa kujerar babban dattijo ba ta ɗan Adam ba ce, ta Almasihu ce. Ana iya yi wa wannan dariya, amma ka duba amfaninsa a ƙauyen da basarake da kafinta ke zaune a majalisa ɗaya: takardar ba ta san ɗan wane ba. Illarsa kuma a fili take, don mai tsara tambaya ya riga ya ci rabin amsa. An sassauta ƙuri'ar aure a farkon ƙarni na 19, aka bar ƙuri'a gaba ɗaya a 1889.

Guda ɗaya ta tsira, ita ce ta aya. Ran 3 ga Mayu 1728 Zinzendorf ya ba jama'a wani ɗan baiti su riƙe washegari, kamar yadda ake ba soja kalmar sirri. Aka mayar da shi al'ada, kullum da safe wani ya zaga gidaje da kalmar ranar. Daga 1731 aka fara buga su a littafi, kuma ba a taɓa tsallake shekara ba, yaƙi ko lafiya. Har yau sau ɗaya a shekara ake zama a wani gida a Herrnhut a zaro lambobi daga kwano, cikin ayoyin Tsohon Alkawari kusan 1,800, na shekarar da za ta zo bayan shekara uku, sannan a zaɓo wa kowace abokiyarta daga Sabon Alkawari. Losungen ake kiran littafin, ana fassara shi cikin harsuna sama da 50, kuma yawancin masu karanta shi ba 'yan ikkilisiyar ba ne.

In ka shiga majami'arsu, wadda aka gina a 1756 zuwa 1757, za ka tsaya kana neman cocin. Ba su ma kiranta coci, zaure suke cewa. Bango fari, bencina farare, tagogi na gilashi garau. Babu bagade, babu mumbari, babu hotuna. Tebur ne kawai da koren mayafi, mai jagorar sujada yana zaune a bayansa, jama'a sun sa shi a gaba ta faɗin ɗakin, yadda na baya ma bai yi nisa ba. Gefe ɗaya na maza ne a al'ada, ɗayan na mata. Ranar da ake bikin da suke kira cin abincin ƙauna, masu hidima su shigo da kwanduna da faranti, a miƙa wa kowa burodi da kofin shayi a kan bencinsa, ana ci ana waƙa. Ran Asabar da yamma akwai sujadar da babu wa'azi sam: mai jagora ya jero baitoci daga waƙoƙi dabam-dabam, jama'a su kama, ma'anar ta fito daga jerin.

Amma in kana son ganin tunanin mutanen nan a wuri ɗaya, hau tudu ka je maƙabarta. An buɗe ta a 1730, suna kiranta gonar Allah, don a wurinsu gawa iri ce da aka shuka. Layukan itatuwa sun yanka ta fili-fili. Kaburbura sun haura 6,000, kowanne da allon dutse a kwance a ƙasa, kusan girma ɗaya, suna da ranar haihuwa da ranar "komawa gida". Maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya. Babu kabarin dangi. Wanda ya mutu yau ana sa shi kusa da wanda ya mutu jiya, ko bishop ne ko mai wanki. Miji yana can, matarsa tana wani layi shekara 20 a gaba. In an yi rasuwa, masu busa ƙahonin tagulla ke sanar da gari, kuma daga waƙar da suka busa ake gane daga wane rukuni mamacin yake. Wajen jana'iza, maimakon yabon mamaci, ana karanta tarihin rayuwarsa da shi ya rubuta da hannunsa tun yana raye. Dubban irin waɗannan takardu suna ajiye a ma'ajiyar tarihin ikkilisiyar, wadda aka kafa a 1764, kuma saboda su muna jin muryar kuyangi da masaƙa na ƙarni na 18, irin mutanen da a wasu wurare ko sunansu bai tsira ba. Tun 1732, ran Ista kafin fitowar rana, jama'a ke hawa nan da busa su tsaya cikin kaburbura su ambaci waɗanda suka rasu a shekarar.

Sai dai a tsakiyar babbar hanyar maƙabartar za ka ci karo da wasu kaburbura masu tudu, an ɗaga su sama da na kowa. Na Zinzendorf ne da iyalinsa. Ko gonar Allah sarauta ta san ƙofar shiga.

Addu'a ba ta cika tumbi, to da me suka ci? Gonaki na Berthelsdorf ne, don haka Herrnhut ya zama garin masu sana'a. Zinzendorf kuwa hannunsa ba ya riƙe kuɗi; matarsa Erdmuthe Dorothea ce ta yi ta toshe ɓaraka har ta rasu a 1756, kuma da shi ya bi ta a 1760 ya bar bashin da ikkilisiya ta yi shekaru da dama tana biya. Wanda ya tsayar da garin da ƙafarsa wani ɗan kasuwa ne daga Strasbourg, Abraham Dürninger, da ya karɓi kantin jama'a a 1747 ya mayar da shi kamfanin fitar da yadin lilin zuwa ƙasashen waje, ya ba masaƙan ƙauyukan kewaye aiki. An san shi da tsayayyen farashi, babu tayi babu ragi. Kamfanin yana nan da sunansa har yau.

Hukuma ba ta zuba ido ba. Sarakunan Habsburg sun yi ƙorafin ana yashe musu talakawa, malaman Luther suna zargin sabuwar ɗariƙa, sai aka kori Zinzendorf daga Saksoni a 1736, bai sami izinin dawowa ba sai 1747. Korar ta zama gobarar Titi: duk inda ya sauka sai an kafa wani Herrnhut.

Tafiye-tafiyen sun riga korar. A 1731, wajen naɗin sarkin Denmak a Kofenhagen, Zinzendorf ya haɗu da wani baƙar fata mai suna Anton daga tsibirin Sant Tomas na Karibiyan, wanda ya ba shi labarin bayin gonakin rake. A 1732 maginin tukwane Leonhard Dober da kafinta David Nitschmann suka tafi can. A 1733 wasu suka nufi Girinlan, a 1737 Georg Schmidt ya sauka Afirka ta Kudu. John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya zo Herrnhut a 1738 don ya gani da idonsa. Yankinmu na Afirka ta Yamma ma yana cikin labarin. Christian Protten, haifaffen Osu a Akara a 1715, uba Bature ɗan Denmak, uwa 'yar ƙabilar Ga, ya zo Herrnhut a 1735, ya koma gida da bishara a 1737. A 1764 ya buga littafin nahawun Fante da Ga. Matarsa Rebecca, wadda aka haifa cikin bauta a tsibiran Karibiyan, ta zauna a Herrnhut, kuma dukansu biyu a Akara suka rasu. Turawan da aka tura gaɓar a 1768 da 1770 zazzaɓi ya ƙarar da su, aikin ya tsaya. Inda iri ya kama sosai shi ne Tanzaniya, daga 1891. Yau 'yan ikkilisiyar a duniya sun haura miliyan ɗaya, mafi yawansu a Afirka.

Na ce ka riƙe zancen igiya. Mutanen da aka rubuta wa 'yanci na har abada a 1727, su ne a 1738 suka sayi gona a Sant Tomas da bayin da ke cikinta, kuma mishan ta ci gaba da mallakar bayi har cikin ƙarni na 19. Da Zinzendorf ya je tsibirin a 1739, ya hori bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya. Suna kiran bawa ɗan'uwa a cikin zaure, su ci burodi ɗaya da shi, gari ya waye ya koma gonar rake. Duk wanda ya ba ka labarin Herrnhut ya tsallake wannan, ya yi tuya ya manta da albasa.

Daga ƙarni na 19 abin ya fara saki. Dokar da ta ce sai ɗan ikkilisiya zai zauna a garin ta faɗi, gidajen rukuni suka rage cika, a 1929 aka ba Herrnhut matsayin birni. A zamanin Hitler garin bai zama tsibirin tsarkaka ba. Da yawa sun bi iska kamar sauran Jamusawa. A daren 8 zuwa 9 ga Mayu 1945, daidai ƙarewar yaƙi, bayan shigowar sojojin Sobiyet, wuta ta cinye tsakiyar garin har da zauren. A farkon shekarun 1950 aka sake gina shi, a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas, wadda ba ta ƙaunar addini amma ta bar su suna lallaɓawa.

Akwai wani ɗan labari na wannan zamani da nake so. A Jamus ta Gabas ba ka buga ko takarda ɗaya sai da izinin hukuma. A 1980 wani faston matasa na Saksoni, Harald Bretschneider, yana son yaɗa alamar zaman lafiya mai ɗauke da ayar annabi Mika, cewa za a mayar da takuba garemani. Sai ya gano cewa a doka buga zane a kan yadi ba ɗab'i ba ne, ado ne, ba ya buƙatar izini. Aka kai aikin kamfanin Dürninger a Herrnhut, aka buga a kan ƙyalle. Matasa suka ɗinka a hannun riga, abin ya cika ƙasa, har 'yan sanda suka koma tare yara a titi suna sa su ɓanɓare. Wasu suka yanke wurin suka ci gaba da yawo da rigar da huda a hannu.

Yau in ka je za ka tarar da ƙaramin gari mai tsabta da shiru. 'Yan ikkilisiyar 'yan ɗaruruwa ne, marasa rinjaye a garin da kakanninsu suka sare wa itacen farko, a jihar da mafi yawan mutanenta ba sa cikin kowane coci. Haka abin yake a ƙauyukan coci da yawa a Jamus. Membobin manyan ikkilisiyoyi biyu, Katolika da Furotesta, sun faɗi ƙasa da rabin al'ummar ƙasar, mutane suna fita, wasu don gudun harajin coci, wanda ke kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin kuɗin shigar mutum. Fasto ɗaya yana zagaya ƙauyuka da dama, sujada ta zama ta karɓa-karɓa. Abin da ke tara 'yan ƙauye yanzu shi ne ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa-kai, da kulob ɗin ƙwallo, da 'yan busa, da bikin shekara na tunawa da keɓe cocin, wanda ko marar addini ba ya bari ya wuce shi. Herrnhut ya fi su sa'a don yana da abin yi: makarantar sakandare ta ikkilisiya, gidajen kula da naƙasassu da tsofaffi da masu jinyar ajali, gidan tarihi cike da kayan da 'yan mishan suka kwaso, da kuma tauraro.

Tauraron nan ka taɓa ganinsa a hotunan Kirsimetin Jamus ko ba ka san sunansa ba: ƙwallo mai tsinaye 25, 17 masu gindi kusurwa huɗu, 8 masu kusurwa uku, da fitila a ciki. Ya samo asali ne a makarantun kwana na ikkilisiyar a ƙarni na 19, inda 'ya'yan 'yan mishan da aka rabo da iyayensu tun suna ƙanana suke haɗa shi da takarda a darasin lissafi. A ƙarshen ƙarnin wani ɗan kasuwa, Pieter Hendrik Verbeek, ya ƙirƙiro wanda ake kwancewa a aika ta gidan waya. Har yau da hannu ake yin sa a garin, ana rataye shi Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Shi kuwa matsayin UNESCO da ka ji, a Yulin 2024 aka ba shi, tare da Bethlehem ta Amurka da Gracehill ta Ireland ta Arewa, aka haɗa su da Christiansfeld ta Denmak da ta riga su shiga a 2015, duk garuruwa ne da aka zana a kan tsarin Herrnhut.

Uban fa? Fadar Zinzendorf da ke Berthelsdorf ta zama mazaunin shugabannin ikkilisiyar ta duniya daga 1791 har 1913, daga baya ta lalace ta kusa zama kufai, sai wata ƙungiyar sa-kai ta karɓe ta tana gyarawa. Ran 1 ga Janairu 2013 aka haɗe ƙauyen cikin ƙaramar hukumar Herrnhut, wadda da duk ƙauyukanta ba ta wuce mutum 6,000 ba. A takarda yanzu Berthelsdorf unguwa ce ta garin da aka kafa a bayan gonarsa. Cocinsa na mabiya Luther ne har gobe, kuma duk Agusta 'yan Herrnhut kan gangaro cikinsa su ci Jibi don tunawa da 1727.

In Allah ya kai ka, kada ka nemi jirgin ƙasa zuwa Herrnhut, an daina jigilar fasinja a layin tun ƙarshen shekarun 1990. Ka sauka Löbau ko Zittau ka hau bas. Ka fara da maƙabarta da safe, ka hau hasumiyar katako da ke ƙolin Hutberg. Daga can za ka hango jajayen rufin Herrnhut a jere kamar an ja da igiya, ka juya kuma ka ga Berthelsdorf a miƙe cikin kwari yana bin rafinsa.